Marwa zuwa Rumsiki a kan keke: wa ya taɓa yi, kuma hanyar tana biyuwa yanzu?

Sani Domayo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga manyanmu da masu zirga-zirgar Mokolo da Mogode. Wata biyu ke nan da na sayi keke na hannu mai giya, irin na gwanjo da ake kawowa daga Duwala, tun lokacin kullum bayan asuba sai na ɗan fita, in je Miskin in dawo, Lahadin da ta wuce ma har Mindif na kai, na tsaya gindin dutsen nan da ake kira Haƙori na sha ruwa na juyo, kilomita 25 tafiya 25 dawowa kuma wlh ban ji komai ba sai ɗan zafin sirdi. To yanzu raina ya biya dutse, wato duwatsun Mandara na nan arewacin Kamaru. So nake a hutun Disamba in tashi daga Marwa in kwana Mokolo, washegari in wuce Rumsiki. Ba tsere zan yi ba, a hankali nake so in bi in ga ƙauyukan nan da kullum muke wucewa a mota gilashi a rufe. Wa ya taɓa yi? Me zan riƙe? Kuma maganar tsaro fa?

Ali Kilando:
Hhhh Sani kai da ka je Mindif har ka fara jin kanka. Hanyar Mindif ai faranti ce, ko tsohuwa ta tuƙa. Ka ba ni kuɗin mai in ɗauke ka a mashin mu je mu dawo rana ɗaya, ka huta da wahalar banza.

Maman Walida:
Wa alaikumus salam. Ni dai tambayata ɗaya, mahaifiyarka ta san da wannan shiri?

Sani Domayo:
Anti ai shi ya sa na fara zuwa nan, in tara hujja tukuna kafin in tunkare ta.

Baba Mai Faci:
Yaro sannu da himma. Ni na yi wannan hanya a keke ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, amma mu ba yawon buɗe ido ya kai mu ba, neman abinci ne. Da ƙuruciyata gishiri da kanwa da allura da madubi nake ɗaurawa a bayan Raleigh in bi kasuwanni, Laraba ina Mokolo, Alhamis Turu, Lahadi Rumsiki, in sayo gyaɗa da wake in gangaro. Keken ba giya ko ɗaya, in tudu ya yi tudu sai ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.
Daga Marwa zuwa Mokolo kilomita 80 ne ko kusa da haka, kwalta ce. Farkonta shimfiɗe take, gonakin masakwa dama da hagu, sai ka kusa Mokong duwatsu su fara matsowa, daga nan hanya tana ɗaga ka kaɗan kaɗan ba ka sani ba sai cinyarka ta gaya maka. Marwa tana ƙasa, Mokolo ta fi ta tudu da kusan mita 400, duk wannan kai za ka biya shi da ƙafarka. Daga Mokolo zuwa Rumsiki kuma 50 da 'yan kai, nan ne aikin yake don burji ce da gargada da tsakuwa, wani wurin yashi ya kama maka taya ka faɗi a tsaye.
Abin da zan ce ka riƙe: tib biyu, faci da sholisho, famfo, sifana mai lamba 15 in tayarka mai noti ce, da igiyar roba. Ƙaya ita ce babbar abokiyar gaba, ta aduwa ma ta ishe ka. Ka bar gida ana idar da sallar asuba, ƙarfe 11 ta same ka a inuwa.

Sani Domayo:
Allah ya ƙara girma Baba. Tayata siririya ce fa, irin ta masu tsere, za ta ɗauki burjin?

Baba Mai Faci:
Ba za ta ɗauka ba. Ka canza mai kauri in firam ɗin zai karɓa, in ba zai karɓa ba ka tsaya iya kwalta ka ari na wani a Mokolo.

Ɗan Garwa Yelwa:
Ni na yi amma ta baya na shiga, ba ta Mokolo ba. Mu uku ne, muka sa kekunan a mota daga Garwa zuwa Gidar, muka kwana, da safe muka leƙa kwazazzaben Kola tunda rani ne ruwan Mayo Luti ya janye ana shiga tsakanin duwatsun, sannan muka kama hanyar Durbey zuwa Burha zuwa Gili har Rumsiki. Kwana biyu muka yi a kanta. Gaskiya ban taɓa jin shiru irin na wannan hanya ba, sai ka yi awa guda ba mota ko ɗaya, ba abin da kake ji sai ƙarar sarƙar kekenka da kukan jaki daga nesa, sai mata da tulu ko itace a ka, sai yara su biyo ka da gudu suna ihu har ka ɓace musu. Da yamma muna dab da isa kawai sai ga duwatsun nan tsaye cikin hazo kamar an kafa turame a kwari, dukanmu muka sauka ba wanda ya ce wa wani sauka. Na sha zuwa wurin a mota amma ranar ce na gan shi.
Kuskuren da na yi shi ne birki. Kafin mu tashi na kai wa wani mai gyara ya ce ya canza min roba, ashe tsohuwar ya juya ya mayar. A wata gangara bayan Burha na matse na ji wayam, da tafin takalmi na tsayar da keken, takalmin bai sake moruwa ba. A dutse hawa gajiya ce kawai, gangara ita ke kai mutum asibiti.

Ali Kilando:
To kun ji ko. Mashin dai mashin ne.

Ɗan Garwa Yelwa:
Ali mashin nawa muka wuce ana turawa a wannan hanya saboda mai ya ƙare? Mu namu man ƙosai ne da shayi, kowane ƙauye akwai.

Maman Walida:
Ku kuna ta zancen shiru shiru kamar abin daɗi. Ni dankalin turawa nake saya a Mogode shekara da shekaru, na san hanyar nan lokacin da take da mutane. Da can kafin 2013 in Disamba ta zo motocin Turawa ne jere, masu masauki na ci, masu rakiya na ci, masu saƙa da masu tukwane da maƙeran Amsa masu zuba tagulla duk na ci. Tunda aka sace iyalin Faransawan nan su bakwai a Dabanga a Fabrairun 2013, aka zo aka ɗauke wani fada na coci a Ngecewe a Nuwamban shekarar, ƙafa ta ɗauke ɗif. Shirun da kuke yabo na rashin ciniki ne. Akwai yaran da da rakiyar baƙi suke ciyar da gidajensu, yanzu suna Marwa da Garwa suna kilando, wato acaɓa, ko tura baro.

Sani Domayo:
Wlh Anti ban kalle shi ta nan ba.

Ɗan Mokolo:
Maganar Hajiya gaskiya ce, amma bari in raba muku abin gida biyu don mutanen Marwa kuna haɗa dutse duka ku ce ba ya shiguwa. Kudu da Mokolo, wato Mogode, Rumsiki, Gili, Burha, mutane na zuwa kasuwa suna dawowa, motocin dankali na bi. Arewa da yamma kuma, Turu da wajen Mayo Moskota da Mozogo da duk abin da ya jingina da iyaka ta can, wannan wani zance ne daban, ƙauyuka da yawa sun sha hari, wasu mutanen har yau a kan dutse suke kwana. Kada wani ya ce maka ka gangara ta Koza ka ɓulle Mora a keke kai kaɗai, ko da kuwa ita ce hanyar da ta fi kowace kyau a ƙasar nan, kuma ita ce ɗin.
Amma ko ta kudun ma labarin yau ba shi ne na gobe ba. Rumsiki ɗin kanta kilomita kaɗan ne tsakaninta da Najeriya, kwarin da kake kallo daga bakin gari can ƙasansa wajen Michika ne. In ka iso Mokolo ka tambayi direbobin tasha da safen da za ka tashi, su suka fi kowa sani. Katin ɗan ƙasa a aljihu, rasit ɗin keke ma ka riƙe, akwai shingen jandarma da na soja da na 'yan sintirin ƙauye. Kuma la'asar ta same ka inda za ka kwana.

Metir Garba:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, bari in sa baki tunda an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Sani, in ka wuce Zamay za ka ga mararrabar da ke shiga Minawawo, sansanin da aka buɗe a 2013 don 'yan gudun hijirar Najeriya. Ka riƙe wannan a ranka, sannan ka ɗaga kai ka dubi duwatsun da ke gabanka ka tambayi kanka, me zai sa mutum mai hankali ya bar fili shimfiɗaɗɗe ga ruwa ga ƙasa, ya hau can ƙoli ya gina gida tsakanin duwatsu, ya riƙa jera dutse bisa dutse yana tare 'yar ƙasar da ba ta fi tabarma biyu ba don ya shuka dawa? Gonakin nan hawa-hawa da Mafa suka yi tun daga gindin dutse har sama, kowace shekara sai an gyara inda ruwa ya rusa, aikin kaka da kakanni ne. Wani ɓangare na amsar shi ne gudun mahaya dawaki. Daular Wandala da ta zauna Kerawa, ta koma Dulo, ta koma Mora, da Barno a bayanta, sannan lamidocin Fulani bayan jihadi, duk dutsen nan ne rumbun bayinsu. Hamman Yaji sarkin Madagali ma jiya-jiya ne, da bindiga yake aika mutanensa ƙauyukan Mafa da Kapsiki, yana rubuta abin da aka kamo a littafinsa na kullum tun daga 1912, sai 1927 Ingilishi suka tuɓe shi. Akwai tsofaffin da iyayensu suka ga wannan da idonsu. Doki ba ya hawa inda akuya ke hawa, shi ke nan dabarar.

Abba Dugoy:
Metir kullum sai ka mayar da hira aji. Yaro ya ce zai hau keke ka kawo mana bauta. Kuma wannan ai tonon silili ne, mu Hausawa 'yan kasuwa ne, ba mu kai wa kowa hari ba.

Metir Garba:
Alhaji Abba, wanda ya kama daban, wanda ya saya ya kai gaba daban, amma kasuwa ɗaya suka ci. Ban ce a ɗora wa Sani laifin kowa ba. Cewa na yi in ya shiga ƙauye ya ga tsoho ya ɗan ja jiki da jin Hausa ko Fulatanci a bakinsa, ya san daga inda abin ya taso, kada ya ce mutanen dutse ba su da fara'a. Kuma kalmar nan kirdi da Matakam da muka saba faɗa, ya bar su a gida, mutane suna da sunayensu, Mafa, Kapsiki, Mofu, Hide, Podoko, Bana.

Abba Dugoy:
Wannan na ƙarshen na yarda. Sauran kuma mu bar shi sai mun haɗu a majalisa.

Ɗan Mokolo:
Metir Allah ya biya. Ni mahaifiyata Mafa ce, kakata har ta rasu in yaro ya yi ƙiriniya da sunan Hamman Yaji take tsorata shi. Amma kada kuma a ɗauka tsoro ne kaɗai ya zaunar da su, suna son dutsensu, a can kakanninsu suke kwance, a can ake bikin Maray da ake turke sa a ɗaki shekara da shekaru ana kiwonsa kafin a fito da shi. Gwamnati ta sha fama a sauko da mutane fili tun zamanin Faransa, wasu sun sauko wasu sun ƙi.
Abin da nake so in gaya wa Sani shi ne, keke yana da wani abu da mota ba ta da shi. In ka zo a mota mai gilashi kai baƙon kuɗi ne, yara su kewaye ka da kado kado, suna roƙon kyauta. In ka zo kana haki, ƙura har gira, kana tura keke a tudu, tsohuwa ma tausayinka za ta ji ta miƙo maka ƙwarya. Su ma a keken suke kai dawa niƙa. To kada ka ɓata wannan da waya. Kar ka ɗauki hoton mutum ko gidansa sai ka yi sallama ka tambaya, musamman rumbuna da wuraren da ka ga an ajiye tukwane a gindin dutse ko bishiya, ba ado ba ne. Fulatanci zai fisshe ka kusan ko'ina, a Rumsiki da Mogode ma za ka samu masu jin Hausa sosai saboda Mubi da Michika. In an miƙo maka farin ruwa mai kumfa a ƙwarya ka tambaya tukuna, yana iya zama bilbil, giyar dawa, hhh.

Ali Kilando:
Ya sha ya samu ƙarfin hawa tudu.

Maman Walida:
Ali ka ji tsoron Allah.

Sani Domayo:
Hhh na gode Yaya. To mai duban nan da ƙaguwa fa da ake ta faɗa, yana nan har yanzu?

Ustaz Funange:
Yana nan ko ba ya nan ba ruwanka da shi. Zuwa wurin mai duba haramun ne ko da wasa ne, hadisi ya zo a kan sallar kwana arba'in. Ka je ka kalli duwatsu ka yi tasbihi ka dawo.

Ɗan Garwa Yelwa:
Allah gafarta malam mu ba mu tambaye shi komai ba, mun dai tarar yana yi wa wasu. Tukunya ce da yashi da ruwa, ya kakkafa 'yan itatuwa da ɓallin ƙwarya, ya saka ƙaguwar ya rufe, in an jima ya buɗe ya karanta yadda ta ture su. Gado ne a gidansu.

Ustaz Funange:
Tsayuwar kallon ma a bar ta ya fi.

Metir Garba:
A bar ƙaguwa, ga abin kallo na halal. Duwatsun Rumsiki ɗin nan masu tsini toshiyar bakin dutse mai aman wuta ne na zamanin da, narkakken dutse ya daskare a maƙogwaro, ruwa da iska suka cinye na gefe mai laushi suka bar mai taurin a tsaye. Babban da ake sawa a hotuna ya kai mita 1,224 daga matakin teku. Sunan garin ma dutsen Siki yake nufi, Siki maharbin da suke cewa shi ya fara zama. Wanda ya fi duka tsawo a jerin kuma Upay ne, mita 1,494, can wajen Koza, kuma a kewayensa ne kufan Diy-Gid-Biy suke, gine-ginen dutse zalla ba laka ba siminti, wuri 16, da aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 17. A 2025 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, kamar yadda ta sa Sukur ta ɓangaren Najeriya tun 1999. Abin takaici ɗalibaina sun san hasumiyar Paris amma ba su taɓa jin wannan ba, alhali ga shi a bayan gida.
Mora ma in Allah ya kawo lafiya sosai ku hau dutsenta. A can wani hafsan Jamus, von Raben, ya maƙale da sojojinsa tun 1914, Ingila da Faransa suka kewaye shi suka kasa hawa, sai 18 ga Fabrairun 1916 ya miƙa wuya bayan duk sauran Kamaru ta faɗi. Dabarar mutanen dutse ya ara.

Ɗan Mokolo:
Metir wajen Upay kam a yanzu sai da ɗan gari da izini, ba wurin da baƙo zai faɗa da keke ba ne. Iyakar abin da zan iya yi wa Sani, in ya ƙara kwana ɗaya a Mokolo kuma labari ya yi daɗi a ranar, in raka shi Jingiliya, kilomita 15 ne, ya ga gonaki hawa-hawa da gidaje masu tsinin jinka daga bakin gangarar Koza, ya sayi kwando a kofaratif ɗinsu mu juyo kafin azahar.

Baba Mai Faci:
Disamba lokaci ne mai kyau, an gama girbi, koguna sun bushe, ba taɓo. Amma ka ɗauki rigar sanyi da bargo, sanyin Rumsiki da asuba ba irin na Marwa ba ne, yatsunka ba za su iya matse birki ba sai rana ta ɗaga. Man kaɗanya a leɓe da dunduniya, rawani ko ƙyalle a hanci saboda ƙura. In hazo ya yi yawa kuma duwatsun ma ba za ka gan su da kyau ba, wannan sai addu'a. Kada ka kuskura ka ɗaga tafiyar zuwa Maris ko Afrilu, zafin ya wuce 40, mutum na faɗuwa. Ruwa lita huɗu a jikin keke, duk famfon da ka gani ka cika ko ba ka ji ƙishi ba. Dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa a aljihu.

Maman Walida:
In dai har sai ka je to kada ka je hannu rabbana ka dawo da hotuna kawai. Ka kwana a masaukinsu ka biya, ka ɗauki ɗan rakiya ya gangara da kai kwari ka sallame shi da kyau, ka ci abincinsu. Kuma ba kai kaɗai ba. In kun kai uku zan kira mahaifiyarka da kaina, in kai kaɗai ne ni zan fara kai ƙararka.

Ɗan Garwa Yelwa:
Ni ina ciki in an sa Asabar, mu kwana Mokolo mu shiga Rumsiki ranar kasuwa. Zan hau mota da kekena in same ku Marwa daren Juma'a.

Ɗan Mokolo:
A'a lissafin bai fita ba. In kun tashi Asabar kun kwana Mokolo, Lahadi kuna kan burji har azahar, kafin ku isa kasuwa ta fara watsewa. Ku tashi Juma'a da asuba ku yi sallar Juma'a a Mokolo in ƙafa ta yi sauri, Asabar mu wuce tare, Lahadi mu wayi gari a can.

Sani Domayo:
Kilomita 80 da tudu kafin ƙarfe ɗaya? Yaya anya kuwa.

Baba Mai Faci:
Ni da Raleigh da buhun gishiri na yi. Ka kawo min keken ranar Litinin bayan la'asar in duba birki da sarƙa, ka taho da kuɗin taya biyu.

Ali Kilando:
To ni zan biyo ku a baya da mashin in ɗauko wanda ya fara kuka, jaka biyar kowane mutum, keke kuma kuɗinsa daban.

Sani Domayo:
Anti mun kai uku, da Ali huɗu. Bayan magariba Inna tana gida.